Zan Kama Ɗakin Kaina: Tambayoyi da Amsoshi kan Lissafin Kuɗi

Waɗannan tambayoyi suna yawan fitowa daga bakin matasan da aiki ya kai wani gari, da masu bautar ƙasa, da waɗanda suna garinsu amma zaman soron gida ya ishe su. Kuɗaɗen da aka buga misali da su na gwaji ne, kowa ya sa farashin unguwarsa a madadinsu. Da namiji ake magana a yawancin amsoshin, amma lissafin bai ware mata ba.

Nawa ya kamata in tara kafin in kama ɗaki?

Kuɗin da dillali ya fara faɗa maka ba shi ne kuɗin shiga ba. A yawancin garuruwan Najeriya hayar shekara ake biya a dunƙule, wani mai gidan ma ya ce sai ta shekara biyu idan ginin sabo ne. Ga la'adar dillali, wadda galibi kashi 10 cikin 100 ce. Ga kuɗin rubuta yarjejeniya, wanda a Abuja da Legas shi ma yakan kai kashi 10. Ga kuɗin ajiya da wasu ke karɓa saboda ɓarna, da alkawarin za a mayar ranar tashi. Ciki da falon da aka ce maka naira 300,000 ne zai iya lashe 390,000 kafin mukulli ya shigo hannunka, ka buɗe ƙofa ka tarar ko ƙwan fitila babu.

Saboda haka abu huɗu za ka tara: kuɗin shiga gaba ɗayansa, kuɗin kayan ɗaki na dole, abinci da kuɗin mota na watan farko, sai abin da zai riƙe ka wata biyu zuwa uku idan samu ya tsaya. Wannan na ƙarshen shi mutane suka fi tsallakewa, alhali sabon ma'aikacin gwamnati yakan yi watanni yana zuwa ofis kafin albashin farko ya faɗo. Idan abin da ke hannunka iya kuɗin shiga ne, ƙara haƙuri a gida na ɗan lokaci ya fi fita a koma da katifa a ka.

Wane kaso na albashina ya dace ya tafi ga haya?

Raba hayar shekara gida 12, ka gwada da abin da ke shigowa asusunka a wata. Abin da ke shigowa, ba wanda aka rubuta a takardar ɗaukar aiki ba, domin kafin ya iso an cire kashi 8 na fansho, an cire haraji, wasu har da kashi 2.5 na asusun gidaje. Idan hayar ta tsaya a kashi ɗaya cikin huɗu, za ka yi numfashi. Idan ta haura kashi ɗaya cikin uku, cikinka ne zai biya sauran.

Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Rubu'insa 17,500, wato hayar 210,000 a shekara. Mai bautar ƙasa da ke karɓar alawus na 77,000 bai wuce nan da yawa ba. Wannan kuɗi zai iya samar da ɗaki a wasu unguwannin Kano ko Zariya ko Gusau, amma a tsakiyar Abuja ko kusa bai kai ba, shi ya sa ake gangarawa Mararaba da Masaka da Suleja. Kafin ka bi sahu, karanta amsa ta gaba.

Gida mai sauƙi a nesa, ko mai tsada kusa da wurin aiki?

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya zama haya ta biyu. Lissafin ba wuya: ranakun aiki kusan 22 ne a wata. Idan gidan nesa zai ƙara maka naira 1,500 a kullum, zuwa da dawowa, ka kashe 33,000 a wata, 396,000 a shekara. Ɗakin da ya fi tsada da 200,000 amma za ka iya takawa da ƙafa ko ka yi hawa ɗaya, shi ne mai arhar.

A Kano abin lura shi ne hawa nawa za ka yi a adaidaita sahu, domin kowane sauka da sake hawa sabon kuɗi ne. A Abuja kuma sai ka haɗa da cunkoson hanyar Nyanya da Mararaba safe da yamma. Wanda ya fita da duku-duku ya dawo bayan isha'i ba zai ɗora tukunya ba, wajen mai shayi zai tsaya, nan ma wani kuɗin ya tafi. Duba amsar da ke magana kan girki.

Me zan bincika kafin in biya?

Ka je gidan sau biyu, da rana da kuma dare. Da rana ka durƙusa ka dubi gindin bango: idan fenti ya kumbura ko akwai layin danshi mai tsawon taƙi daga ƙasa, ruwa yana shiga ɗakin da damina ko me dillali zai ce. Ka ɗaga kai ka dubi silin ko akwai tabon yoyo. Ka buɗe famfo, ka zuba ruwa a banɗaki ka ga ko yana wucewa, ka ciro wayarka ka ga ko akwai sabis a cikin ɗakin. Da dare kuma za ka ga ko layin yana da haske, da irin waɗanda ke zama a bakin lungu.

Sannan ka sayi shayi wajen mai shayin layin ko ka tsaya wajen mai kanti ka yi tambaya. Su za su gaya maka awa nawa ake samun wuta, nawa ake sayar da jarkar ruwa, da abin da ya tayar da wanda ya bar ɗakin. Ka tambayi mai gida ƙarara: akwai bashin wuta a kan mitar? Wa ke biyan kwasar masai idan ta cika? Nawa ne kuɗin 'yan sintiri da na shara? Kada ka tura ko sisi sai ka ga mai gidan ido da ido ko wakilinsa da maƙwabta suka shaida, kuma ka karɓi rasit mai ɗauke da ranar farawa da ranar ƙarewa. An sha ba mutum biyu hayar ɗaki ɗaya.

Yaya zan ƙiyasta kuɗin wuta da ruwa?

Farko ka san rukunin da layinku yake. An kasa masu shan wuta gida biyar, daga A zuwa E, gwargwadon awannin da ya kamata su samu a rana: rukunin A aƙalla awa 20, B awa 16, C awa 12, har zuwa E mai awa 4. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga farashin rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta, amma har yanzu ya ninka na sauran. Kamfanin yankinka zai gaya maka inda ka faɗa: KEDCO a Kano da Jigawa da Katsina, Kaduna Electric a Kaduna da Sakkwato da Kabi da Zamfara, AEDC a Abuja da Neja da Nasarawa da Kogi.

Yunit ɗaya shi ne abin da na'ura mai wat 1,000 ke sha a awa guda. Ƙwan fitila na zamani wat 10 ne ko kusa, fanka ba ta kai 100 ba, amma dutsen guga da hitar ruwa da risho na lantarki kowannensu yana kai 1,000 ko ya wuce. Su ne ke cinye katin mita. Idan gidan mita ɗaya ce ga kowa, a yi yarjejeniyar rabo tun kafin ka shiga, in ba haka ba mai fanka ɗaya zai riƙa biya wa mai firiza.

Ruwa kuwa, idan babu rijiya ko burtsatse a gidan, ƙirga jarka nawa za ka sha a rana tsakanin wanka da wanki da girki da alwala, ka ninka da 30. Ka ƙara wani abu saboda watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da rijiyoyi ke ja baya 'yan garuwa su ƙara kuɗi.

Waɗanne kaya zan fara saya?

Katifa, gidan sauro, labule, bokiti biyu da buta, ƙaramar tukunyar gas mai kilo 3 ko 6, tukwane biyu, kwanuka da cokula, fitila mai caji, fanka, da kwaɗo mai ƙarfi. A nan ka tsaya. Kujeru da talabijin da kafet su jira wata shida. Fanka da tebur da katakon gado na hannu ba abin kunya ba ne, robobi kuma a Kano Ƙofar Wambai ta fi shagon unguwa sauƙi. Katifa ce kaɗai zan ce a sayi sabuwa, domin kuɗin cizo ya shiga ɗaki fitar da shi aiki ne. Tukunyar gas ma kada a sayi mai tsatsa don arha, kuma a riƙa buɗe taga lokacin girki.

Ni kaɗai ne, girki ya fi sauƙi ko sayen abinci?

Girki, nesa ba kusa ba, muddin ka san abin da za ka saya da lokacin sayensa. Taliyar leda da ƙwai da shayi a teburin mai shayi, a ce naira 2,000 kowane dare, 60,000 ke nan a wata, kuma abincin dare kaɗai aka ci. Rabin wannan kuɗi zai cika maka ɗaki da shinkafa da wake da taliya da garin kwaki da mai da magi.

Kayan da ba sa lalacewa a saye su da tiya ko mudu a babbar kasuwa sau ɗaya a wata, a daina awon gwangwani a kantin lungu. Mazaunin Kano ya san hatsi Dawanau, kayan masarufi Singa, kayan miya 'Yankaba. Hatsi da wake sun fi araha da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, mai hali ya sayi na watanni a lokacin. Wake yana yin ƙwari, sai a zuba shi a jarka busasshiya a toshe bakin da kyau yadda iska ba za ta shiga ba. Tumatir da tattasai kuma da rani suke arha lokacin da na fadama ya fito, da damina su yi tsada, a nan busasshe da kuka da kuɓewa busasshiya suke rufa asiri.

Wanda ba shi da firiji kada ya yi miyar mako, zai zubar. Ya soya kayan miya da mai sosai har ruwan ya ƙone, ya riƙa ɗumamawa safe da dare, zai kwana biyu zuwa uku. Garau-garau, ɗanwake, dafa-duka, taliya da manja da yaji: duk wanda ya iya waɗannan huɗu ba zai kwana da yunwa ba. Idan ba ka iya ba, ka zauna kusa da Umma ko yayarka a madafa kafin ka tashi. Abincin rana a wurin aiki kuwa, idan ba za ka iya ɗaukar kula ba, ka sa shi a lissafi a matsayin abin saye, kada ka yaudari kanka.

Na biya hayar bana. Yaushe zan fara tunanin ta baɗi?

Ranar da albashin farko ya shigo bayan tarewarka. Idan za ka riƙe abu ɗaya daga duk amsoshin nan, wannan ne. Hayar shekara tana da ruɗi: wata 11 kana zaune kamar gidan gado, babu mai ƙwanƙwasa maka ƙofa, sai ka saba da kashe albashin duka. A wata na 12 mai gida ya aiko, ka fara neman wanda zai sayi wayarka. Yawancin waɗanda suka koma gidan iyaye ba yunwa ce ta kore su ba, haya ta biyu ce.

Maganin shi ne ka mayar da ita ta wata-wata da kanka. Raba ta gida 12, ka ɗora kashi ɗaya cikin biyar saboda ƙarin da mai gida zai iya yi. Ba zato ba ne: hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024, masu gidaje kuma kasuwa ɗaya suke shiga da kowa. Hayar 300,000 ta zama 360,000, wato 30,000 duk wata. Da alat ya shigo, kafin kati, kafin cefane, ka tura wannan kuɗi wani asusu daban wanda ba ka karɓi katin cirar kuɗinsa ba kuma ba ka sa manhajarsa a waya ba. Mai gudun kuɗin ruwa yana da bankuna irin su Jaiz da TAJ da Lotus.

Adashi ma yana yi, da sharaɗi biyu: uwar adashin ta zama wadda aka daɗe da sani, kuma ka roƙi ɗaukarka ta faɗo wata ɗaya ko biyu kafin hayar ta ƙare. Ɗaukar farko ba ta da amfani a nan, kafin lokacin ya zo an cinye.

Yaya zan raba albashin wata?

Ga misalin mai karɓar 150,000: hayar baɗi 30,000, abinci 45,000, mota 22,000, wuta da ruwa da gas 15,000, kati da data 6,000, iyaye da 'yan'uwa 12,000, ajiyar ko-ta-kwana 10,000, sai 10,000 na sabulu da aski da gudummawar biki da suna. Babu rarar komai a ciki, kuma gaskiyar lamarin ke nan. Naka zai bambanta, hanyar gano shi kuwa ita ce ka rubuta duk abin da ka kashe na wata guda cur, har ruwan leda da cajin mai POS. Kusan kowa yakan sha mamakin abin da data ke ci, balle tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a farkon 2025.

Kuɗin abinci da mota a kasa su mako-mako. Idan na makon ya ƙare ranar Alhamis, ka san da matsala tun ba a yi nisa ba, maimakon ka gane ranar 18 ga wata.

Iyaye da 'yan'uwa fa? Kowa yana ganin na samu aiki.

Kada ka cire su daga lissafi don wani ya ce maka tattali ke nan. Haƙƙi ne, kuma albarkar abin da kake nema tana nan. Abin da ke karya mutum shi ne bayarwa ba tsari: yau ƙani ya kira kuɗin jarrabawa, gobe gwaggo ta aiko, jibi abokin ango ya turo kuɗin anko. Ka yanke abin da za ka iya duk wata, ka kai wa iyaye da hannunka ko ka saya musu abinci da shi, kada ya yanke. Kaɗan mai ɗorewa ya fi musu amfani a kan mai yawa na wata ɗaya. Ka zauna da mahaifiyarka ka gaya mata ainihin abin da kake samu da abin da haya ke ci. Ita za ta tare maka rabin masu aike.

Azumi da sallah biyu ba sa zuwa ba zato, a riƙa ajiye musu wani abu tun da wuri kamar yadda aka yi bayani a kan hayar baɗi: kuɗin motar zuwa gida, ɗinki, barka da sallar yara. Sai baƙi. Ɗakin saurayi a birni masaukin duk ɗan garinsu ne da ya zo neman aiki ko ganin likita. Ka karɓe su da fuska, amma wanda zai wuce mako ka gaya masa cikin mutunci ya sa hannu a cefane.

In haɗa ɗaki da aboki?

Yana rage haya da la'ada da wuta zuwa rabi, ga wanda ya fara aiki wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. A yi magana uku tun farko: sunan wa ke kan rasit, tukunya ɗaya za a yi ko kowa tasa, kuma idan ɗaya zai tashi kafin shekara yaya za a yi da kuɗinsa. Kayan ɗaki kada a yi karo-karo a kan abu ɗaya. Wannan ya sayi fanka, wancan ya sayi gas, ranar rabuwa kowa ya ɗauki nasa.

Ni mace ce, aiki ya kai ni wani gari. Lissafina daban ne?

Kusan ɗaya ne, sai dai ke tsaro za ki sa a gaba da arha. Gida mai ƙofar shiga ɗaya da iyalai a ciki, a layin da abin hawa ke shiga, ya cancanci ƙarin kuɗin. Ki ware na shatar adaidaita saboda ranar da dare ya yi miki. Wasu masu gidaje ba sa ba mace ita kaɗai haya, don haka zuwa da yaya ko kawu ranar ciniki yana sauƙaƙa magana, amma rasit ya fito da sunanki tunda kuɗinki ne. Malaman asibiti da na makaranta su fara tambayar ko akwai gidajen ma'aikata kafin su nemi dillali.

Ba albashi nake ɗauka ba, sana'a nake yi. Yaya zan yi?

Ka gina lissafinka a kan watan da kasuwa ta fi mutuwa, kada ka gina a kan watan sallah. Tela da mai gyaran waya da ɗan adaidaita kullum kuɗi na ratsa hannunsu, shi ya sa ajiyar kullum ta fi dacewa da su: hayar 360,000 naira 1,000 ce a rana. Ka raba aljihun jari da na cefane, ka yanka wa kanka abin da za ka riƙa ɗauka. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, wanda ya biya haya da jarinsa ya rufe shago da hannunsa.

Idan rashin lafiya ko wata larura ta taso, in ci bashi?

Don irin wannan rana aka ce a ware ajiyar ko-ta-kwana a amsar rabon albashi. Burin shi ne ta kai abin da kake kashewa a wata uku, ko da za a yi shekaru ana tarawa. Zazzaɓin cizon sauro kuwa kusan duk damina sai ya leƙo, kuma yanzu babu Umma a kusa da za ta saya maka magani. Ka bincika inshorar lafiya: ma'aikatan tarayya suna ƙarƙashin NHIA, jihohi ma suna da nasu, kamar KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna.

Idan bashin ya zama dole, ka nemi ɗan'uwa ko ƙungiyar taimakon juna ta wurin aiki, ka faɗi ranar biya ka cika. Manhajojin bashi na waya ka guje su. Ban da kuɗin ruwa mai nauyi, wasunsu kan kwashi lambobin da ke wayarka su riƙa aika wa surukai da shugabanninka saƙon cin mutunci, abin da ya sa hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta sha ɗaukar mataki a kansu. Kuma kada ka kai kuɗin haya inda aka ce za a ninka maka. Waɗanda suka zuba a MMM a 2016 da CBEX a 2025 da yawansu kuɗin haya da na makaranta suka rasa.

Mai gida ya ƙara haya ko ya ce in tashi. Ina da wani haƙƙi?

Abin da kuka rubuta a yarjejeniya shi ne kan gaba, shi ya sa ake karantawa kafin sa hannu. Idan ba a faɗi wa'adi a ciki ba, dokar da ke aiki a Abuja ta ba mai hayar shekara notis na wata shida, mai hayar wata kuma wata guda, jihohi da dama ma haka suke bi. Mai gida ba shi da ikon cire ƙofa ko watso kaya waje da kansa, sai ta hanyar kotu. Ƙarin haya kuwa ana neman ragi, kuma wanda bai taɓa jinkirin biya ba bakinsa ya fi kaifi. Ka tayar da maganar wata uku kafin lokaci, domin idan ba ku daidaita ba ka san sabon gida yana nufin sabuwar la'ada da kuɗin kwasar kaya.

Rasit ɗinka ka adana shi, ka kuma ɗauki hotonsa. Da shi za ka nemi kuɗin ajiyarka ranar tashi. Sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026 ma ta ba masu haya rangwame: ana cire kashi 20 cikin 100 na hayar shekara, iyaka naira 500,000, daga kuɗin da za a ɗora wa haraji. Ka kai kwafin rasit ɗin ofishin albashi na wurin aikinka ka tambayi yadda za a shigar maka da shi.